Jorge Luis Borges: Makarancin da Makanta Ba Ta Raba Shi da Littafi Ba

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe littafin Michel Foucault mai suna Les mots et les choses, wanda ya fito a 1966, ya ci karo da sunan Borges tun a layin farko na gabatarwa. Foucault ya nuna cewa wani ɗan rubutu na Borges ne ya ba shi dariya, daga dariyar nan kuma tunanin littafin ya tsiro. Da yawanmu a nan muka fara jin sunan, a nan kuma muka bar shi, muka wuce zuwa babin da za a tambaye mu a jarrabawa. Ko faɗar sunan ma mukan karkata shi zuwa lafazin Faransanci, alhali a Sifaniyanci harafin j, da g idan ya zo kafin e, zuzau ne bahanɗe mai kusa da kh na Larabci. Horhe Luwis Borhes ya fi kusa da yadda ake faɗar sunan a ƙasarsu. Mutumin ya cancanci fiye da layi ɗaya a gabatarwar wani, musamman a wajenmu masu nazarin harshe, domin tambayoyin da ya yi a kan harshe ya same su ne a cikin littattafan da yake karantawa don jin daɗi: labaran aljanu da sarakuna, na tafiya duniyar wata, na ƴan fashin teku.

An haife shi ranar 24 ga Agusta 1899 a Buenos Aires, babban birnin Ajantina. Gidansu gida ne mai harshe biyu. Kakarsa ta wajen uba, Fanny Haslam, Baturiyar Ingila ce da ta zo Ajantina ta yi aure a can, da ita yake magana da Ingilishi, da mahaifiyarsa Leonor Acevedo kuma Sifaniyanci. Ya daɗe bai gane cewa harsuna biyu yake yi ba. A ganinsa na yaro, akwai yadda ake yi wa kaka magana, akwai yadda ake yi wa sauran mutane. Mahaifinsa, Jorge Guillermo Borges, lauya ne mai koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, yana da ɗakin littattafai cike da littattafan Ingilishi. Borges ya sha nanatawa har tsufansa cewa wannan ɗaki shi ne babban abin da ya faru a rayuwarsa, kuma yana jin kamar bai taɓa fita daga cikinsa ba.

Abin da ya karanta a ɗakin ya isa a lissafa, don shi ne ya bi shi har kabari. Ƙagaggen labarin da ya fara karantawa daga farko har ƙarshe shi ne Huckleberry Finn na Mark Twain. Sai The First Men in the Moon na H. G. Wells, da Treasure Island na Stevenson, da labaran Poe, da Dickens, da Lewis Carroll, da tatsuniyoyin Grimm. Akwai kuma Dare Dubu da Ɗaya a fassarar Richard Burton, wadda aka hana shi saboda batsar da ke cikinta, sai ya riƙa hawa saman soro yana karantawa a ɓoye. Shi da kansa ya ce labarin ya ɗauke masa hankali har bai lura da wuraren da ake gudun ya gani ba. Ya kuma ba da labarin cewa Don Quixote ma da Ingilishi ya fara karanta shi, da ya zo ya karanta asalin na Sifaniyanci sai ya ji kamar fassara ce marar kyau. Mai yiwuwa akwai tsokana a cikin wannan magana, don Borges gwanin tsokana ne, amma tana ɗauke da ra'ayin da ya riƙe duk rayuwarsa: fassara ba baiwar asali ba ce, tana iya tsayawa da ƙafarta. Rubutunsa na farko da aka buga ma fassara ce. A 1910, yana ɗan shekara goma, wata jarida ta Buenos Aires ta buga fassararsa ta The Happy Prince na Oscar Wilde, mutane suka ɗauka aikin mahaifinsa ne saboda sunan ɗaya.

Ciwon ido gado ne a gidan. Ganin mahaifinsa ya yi rauni, a 1914 iyalin suka tafi Turai neman magani, yaƙin duniya na farko ya rutsa da su a Geneva ta ƙasar Suwizalan. A can Borges ya yi makarantar sakandare da Faransanci, ya koyi Latinanci, ya kuma koya wa kansa Jamusanci da ƙamus da waƙoƙin Heine. Littafin Jamusanci na farko da ya gama shi ne Der Golem na Gustav Meyrink, labarin al'ajabi da aka gina a kan almarar Yahudawan birnin Prague game da mutum-mutumin yumɓu da ake rayawa da ikon kalma. Ko a nan ana iya ganin abin da ke jan sa. Daga Geneva suka koma Sifaniya a 1919, ya shiga cikin matasan mawaƙa masu neman sabon salo, suka dawo gida a 1921. Tarin waƙoƙinsa na farko, Fervor de Buenos Aires, ya fito a 1923. Shekarun da suka biyo baya na mujallu ne da gardamar matasa, kuma shi da kansa daga baya ya ƙi yarda a sake buga wasu littattafansa na wannan zamani. Abu ɗaya kawai zan ɗauko daga ciki: da ya sami kyautar kuɗi a 1929, sai ya sayi kwancen babban kundin sani na Britannica, bugu na 11. Tun yana ƙarami, idan ya raka mahaifinsa Babban Gidan Littattafai na Ƙasa, kunya kan hana shi roƙon littafi a wajen ma'aikata, sai ya ɗauko juz'in Britannica daga kantar da ke buɗe ya karanta duk abin da haruffa suka jero masa.

A 1936 ya buga maƙalarsa a kan masu fassara Dare Dubu da Ɗaya, inda ya jera Antoine Galland, Bafaranshen da ya fara kawo littafin Turai daga 1704, da Edward Lane, da Burton, da Mardrus, da Littmann Bajamushe. Bai tsaya auna wanda ya fi bin Larabci sau da ƙafa ba. Abin da ya bi diddigi shi ne yadda kowannensu ya fassara littafin yana adawa da wanda ya gabace shi, yana kuma zuba masa adabin harshensa. Lane ya tsabtace, Burton ya ƙara gishiri, Mardrus ya ƙawata har ya ƙirƙiro abin da babu, Littmann ya yi gaskiya amma Borges ya same shi lami. Duk wanda ke nazarin fassara zai ƙaru da maƙalar ko da bai yarda da hukuncinta ba. Mu Hausawa kuma ba baƙi ba ne a wannan zance: a daidai waɗannan shekaru Abubakar Imam yana Zariya yana juya labarai daga wannan littafi da na Grimm da wasunsu zuwa Magana Jari Ce, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka haife su.

A farkon 1938 ya sami aikin albashi na farko mai ɗorewa, ƙaramin ma'aikaci a wani ɗakin karatu na unguwa mai suna Miguel Cané. Aikin na jera sunayen littattafai ne. Ranar farko ya yi wajen 400, abokan aiki suka ja shi gefe suka ce ya sassauta, in ba haka ba zai tona asirin kowa, ya riƙa tsayawa a kusa da ɗari. Sai ya zama yana gama aikin yini a cikin awa guda, ya sauka ɗakin ƙasa ko ya hau soro ya yi karatunsa. A nan ya gama juz'i shida na tarihin faɗuwar daular Rum na Gibbon. A cikin taragon da ke kai shi aiki ya dawo da shi kuma ya karanta Dante, da bugu mai Italiyanci a shafi ɗaya da Ingilishi a ɗayan, har ya wayi gari ba ya bukatar Ingilishin. Ya kira shekarun nan shekarun baƙin ciki. Wata rana wani abokin aiki ya ga sunan wani marubuci Jorge Luis Borges a cikin kundin sani, ya yi ta mamakin yadda sunan da ranar haihuwar suka zo ɗaya da na abokin aikinsa, bai kawo a ransa cewa mutum ɗaya ne ba.

A cikin wannan shekara ta 1938 mahaifinsa ya rasu, a jajibirin Kirsimeti kuma shi kansa ya buga kai da tagar da aka bari buɗe yana hawan bene da gudu. Raunin ya ruɓe, dafi ya shiga jini, ya yi makonni tsakanin rai da mutuwa. Da ya fara farfaɗowa, babban tsoronsa shi ne ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Mahaifiyarsa ta karanta masa wani ɓangare na Out of the Silent Planet na C. S. Lewis, labarin tafiya duniyar Mars, sai ya fashe da kuka don ya ji yana fahimta. Don ya gwada kansa a rubutu, ya zaɓi abin da bai saba yi ba, saboda in ya kāsa kada abin ya yi masa zafi sosai. Haka aka sami labarin Pierre Menard a 1939: wani marubucin Faransa na ƙarni na 20 da ya ɗauri aniyar sake rubuta Don Quixote kalma da kalma, ba tare da kwafa ba. Mai ba da labarin ya ajiye jumla ɗaya tak sau biyu, ta Cervantes da ta Menard, ya nuna cewa ma'anarsu ta sha bamban domin mai faɗa da zamanin faɗa sun bambanta. Darasin da muke sha a aji game da ma'ana da muhallin magana ke nan, an mai da shi abin dariya mai sa tunani.

Daga nan labaran suka yi ta zuwa, aka tara su a Ficciones a 1944 da El Aleph a 1949. Uku daga ciki sun shafe mu kai tsaye. A Tlön, Uqbar, Orbis Tertius na 1940, wata ƙungiyar asiri ta ƙago duniya sukutum ta rubuta mata kundin sani. Harsunan kudancin wannan duniya ba su da suna ko ɗaya, aikatau ne kawai marasa mai aikatawa, ana yi musu ɗafi. Na arewaci kuwa da sifofi masu gaɓa ɗaya ake gina su, a jera su a sami abin da mu za mu kira suna. Mutanen da ke magana da irin wannan harshe ba su yarda akwai abubuwa masu ɗorewa ba, aukuwa kawai suka sani. A shekarar nan ta 1940 ne Benjamin Lee Whorf ya buga maƙalarsa a kan kimiyya da nazarin harshe, yana kafa hujja da harshen Hopi. Borges ya iso wurin ta wata hanya, ta falsafar Berkeley da ƙamus ɗin falsafa na Fritz Mauthner da yake yawan dubawa. A labarin Funes na 1942, wani saurayi ya faɗo daga doki ya tashi ba ya mance komai, har ya zama yana jin haushin a kira kare da suna ɗaya idan an gan shi ta gefe da kuma idan an gan shi ta gaba minti guda bayan haka. Labarin ya nuna cewa wanda ba ya mantuwa ba ya iya tara abubuwa a ƙarƙashin kalma ɗaya, don haka tunani ya gagare shi. Na ukun shi ne La biblioteca de Babel na 1941: gidan littattafai mai ɗakuna masu kusurwa shida, kowane littafi shafi 410, an rubuta su da alamomi 25 (haruffa 22 da waƙafi da aya da tazara), kuma duk wani jeri da alamomin za su iya yi yana nan a wani littafi. Gaskiya duka tana ciki, ƙarya duka tana ciki, mafi yawa kuma shirme ne. Wanda ya san cewa mai jera littattafai a Miguel Cané ne ya rubuta shi zai ji ɗacin da ke ƙarƙashin lissafin.

Rubutun da ya ba Foucault dariya kuwa maƙala ce ta 1942 a kan John Wilkins, malamin Ingila da ya buga tsarin harshen duniya a 1668. Wilkins ya kasa dukan halitta gida 40, ya ba kowane gida gaɓa, ta yadda kowane harafi a kalma zai faɗi wani abu game da ma'anarta. Borges ya ajiye wannan tsari kusa da wani kundin sani na Sin da ya ƙago, inda aka kasa dabbobi ta hanyar da ba ta shiga hankali: wasu bisa ga mai mallakarsu, wasu bisa ga yadda suke idan an hango su daga nesa. Manufarsa ita ce kowane rabe-raben duniya na ganin dama ne. Ni dai ban taɓa karanta bayanin da ya fi wannan sauƙi da kaifi a kan rashin alaƙa ta dole tsakanin kalma da abin da take nufi ba.

Wani abin lura shi ne bai taɓa jin kunyar irin littattafan da yake so ba, a zamanin da manyan masu sharhi ke ganin labarin kimiyya da na ƴan sanda abin yara ne. Daga 1936 zuwa 1939 yana da shafi a mujallar iyali mai suna El Hogar, inda yake gabatar da littattafan waje. A 1940 shi da abokinsa Adolfo Bioy Casares da Silvina Ocampo suka fitar da tarin labaran al'ajabi wanda ya haɗa Poe da Kafka da Wells da Kipling da tsofaffin labaran Sin da Dare Dubu da Ɗaya a bango ɗaya. A shekarar ya rubuta gabatarwa ga La invención de Morel na Bioy, ya kare labarin da aka tsara da dabara a kan dogon labarin da ke tonon zuciya ba tare da tsari ba. Tsakanin Jules Verne da Wells ya zaɓi Wells, don a ganinsa Verne yana hasashen na'urorin da za a ƙera gobe ne, Wells kuwa yana rubuta abin da zai ci gaba da damun mutum ko an ƙera ko ba a ƙera ba. Mu da muka taso da Verne a makaranta muna iya jin an yi masa rowa. A 1955 ya yi wa fassarar Sifaniyanci ta The Martian Chronicles na Ray Bradbury gabatarwa, daga baya ya yi wa Star Maker na Olaf Stapledon. Shi kansa bai taɓa rubuta dogon ƙagaggen labari ba. Yana ganin yawancinsu akwai ciko, ko da yake Cervantes da Conrad da Stevenson bai daina komawa gare su ba.

Siyasa ta shigo masa ta ƙofar aiki. A 1946, bayan Perón ya hau mulki, aka ɗauke shi daga ɗakin karatu aka naɗa shi mai duba kaji da zomaye a kasuwanni, saboda adawarsa da gwamnati. Ya ajiye aikin, ya koma neman abinci da laccoci duk da in'inar da yake da ita da tsoron taro. Da aka kifar da Perón a 1955 aka ba shi shugabancin Babban Gidan Littattafai na Ƙasa, a shekara ta gaba kuma kujerar adabin Ingilishi a Jami'ar Buenos Aires. A daidai lokacin nan ganinsa, wanda ya daɗe yana raguwa duk da ayyukan da aka yi masa a ido, ya kai inda ba ya iya karatu. Ɗaruruwan dubban littattafai suna ƙarƙashin ikonsa, bangonsu kawai yake iya shafawa. Shi ne makaho na uku da ya riƙe gidan, bayan José Mármol da Paul Groussac. A wata lacca ta 1977 ya bayyana cewa makantarsa ba baƙin duhu ba ce, wani hazo ne. Baƙi da ja sun ɓace masa, rawaya ce ta tsaya tare da shi.

Abin da ya yi da makantar shi ne ya fi burge ni a duk tarihinsa. Ya koma rubuta waƙa mai ma'auni da amsa-amo, don ita ce yake iya riƙewa a ka yana gyarawa kafin ya sami mai rubuta masa. Karatu ya koma ta kunne: mahaifiyarsa, wadda ta rayu har shekara 99 ta rasu a 1975, ita ce babbar mai karanta masa, sai ɗalibai da abokai da duk wanda ya samu. Ɗaya daga cikinsu yaro ne ɗan shekara 16 mai aiki a kantin littattafai, Alberto Manguel, wanda daga 1964 ya riƙa zuwa yana karanta masa Kipling da Stevenson, tsohon yana katse shi don ya yaba wata kalma ko ya gyara wata. Manguel ɗin nan shi ma daga baya ya shugabanci gidan littattafan. Sannan Borges ya ɗauki sabon harshe. Ya tara ƴan ɗalibansa a safiyar Asabar suka fara Tsohon Ingilishi da littafin koyo na Henry Sweet da tarihin Anglo-Saxon, ba wanda ya san komai a cikinsu, suna bin kalma ɗaya ɗaya, suna murna idan sun gane sunan London ko Rum a tsohuwar sigarsa. Daga nan ya wuce zuwa tsohon harshen Aisilan. Tare da María Kodama, wadda ta fara a matsayin ɗaliba, ya fitar da fassarar zaɓaɓɓun rubuce-rubucen Tsohon Ingilishi a 1978, da wani ɓangare na Edda ta Snorri Sturluson a 1984. A aji kuwa yakan gaya wa ɗalibansa su ajiye littafin da ya gundure su ko da kowa na yabonsa, su bar sharhi su je ga littafin kansa, don karatun dole a wajensa magana ce mai warware kanta.

Shahara ta zo masa a makare, kuma ta Faransa ta biyo. Roger Caillois ya sa aka buga Fictions a 1951, sannan a 1961 aka raba kyautar Formentor tsakaninsa da Samuel Beckett, daga nan duniya ta san shi. Ya bar shugabancin gidan littattafai a 1973 da ƴan Perón suka dawo mulki. Ƙiyayyarsa ga Perón ta kai shi ga kuskuren da ba ya wankuwa da sauƙi: a 1976 ya ci abinci da Janar Videla yana maraba da juyin mulkin soja, ya kuma je Chile ya karɓi lambar girma a zamanin Pinochet. Da yawa suna ganin wannan ne ya hana shi kyautar Nobel. A 1980 ya sa hannu a takardar neman bayani a kan mutanen da sojoji suka ɓatar, a 1985 kuma ya halarci zama ɗaya na shari'ar shugabannin sojan, ya fito a girgize. Ya gyara, amma bayan dubban mutane sun riga sun salwanta, kuma rashin gani ba ya isa uzuri ga mutumin da ake karanta wa duk abin da ya nema.

Aikinsa na ƙarshe na makaranci ne. Wani kamfanin ɗab'i ya roƙe shi ya zaɓi littattafai ɗari da ya fi so ya yi wa kowanne gajeriyar gabatarwa. Ya sa Wells da Stevenson da Conrad da Kafka da Dare Dubu da Ɗaya, bai kai ga cika ɗarin ba. A ƙarshen 1985, yana fama da sankarar hanta, ya koma Geneva inda ya yi ƙuruciya, ya auri María Kodama a Afrilu 1986. Ita ce ta ba da labari daga baya cewa a makonninsa na ƙarshe sun ɗauki wani malami ɗan Masar yana koya musu Larabci, ana zana masa haruffan a tafin hannu. Ya rasu ranar 14 ga Yuni 1986 yana da shekara 86. An binne shi a maƙabartar Plainpalais, a fuskar dutsen kabarinsa an sassaƙa rubutu da Tsohon Ingilishi, a bayansa kuma da tsohon harshen Aisilan.